Yadda ake karrama malamar jinya ko ta ungozoma a Sudan, daga tattara shaida har ranar takrim, wato bikin karramawa

Likitan da ya yi tiyata sunansa yana cikin fayil. Ungozomar da ta karɓi haihuwa, mai jego za ta yi ta ambatonta har yaron ya fitar da gemu. Amma matar da ta koya wa ungozomar nan yadda ake murza mara idan jini ya ɓalle, babu inda aka rubuta sunanta. Aikinta a hannun wasu yake fitowa, a ƙauyukan da wataƙila ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa neman wa malamar jinya lambar yabo ya fi na sauran ma'aikatan lafiya wuya: sai an bi sawun ɗalibanta an kwaso aikin an dawo mata da shi. Wannan jagora ta masu niyyar yin haka ce, ko tsofaffin ɗalibai ne, ko ƙungiyar unguwa a Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Madani ko Damazin. Za a riƙa cewa malama saboda mata suka fi yawa a fannin, amma maganar ta hau kan malami namiji.

A fara zaɓar ƙofa

Yawanci mutane kan tara takardu buhu guda, sannan su fara tambayar inda za su kai. Juyawa za a yi. A san ƙofar da za a ƙwanƙwasa tukuna, a karanta sharuɗɗanta, sannan a ɗinka takardun daidai da ita.

Ƙofa mafi kusa ita ce takrim na jama'a, wanda ɗalibai ko mutanen unguwa ke shiryawa. Wannan a hannunku yake, ba ya jiran sa hannun kowa sai izinin taro. Sama da shi akwai na hukuma: jami'a, Akadamiyar Ilmin Lafiya da aka kafa a 2005, ko ma'aikatar lafiya ta wilaya, wato jiha. Digirin girmamawa sai majalisar malaman jami'a ta amince, don haka ana buƙatar wani na ciki, kamar shugaban kwalejin jinya, da zai gabatar da sunan. Lambobin ƙasa irin su Wisam an-Nilain shugaban ƙasa ke bayarwa, hanyarsu ta ma'aikata ce, kuma ba a yi musu gaggawa.

A na duniya, wadda ta fi dacewa da malaman Sudan ita ce Lambar Florence Nightingale ta Kwamitin Red Cross na Duniya. An kafa ta a 1912, aka fara rabawa a 1920. Ana bayarwa duk shekara biyu, a shekarun mara kamar 2023 da 2025, ga mutum 50 ko ƙasa da haka a duniya baki ɗaya, ana kuma sanar da sunaye ranar 12 ga Mayu. Ƙa'idarta ta ambaci abu biyu: jarunta wajen kula da waɗanda yaƙi ko bala'i ya rutsa da su, da kuma hidima ko buɗe sabuwar hanya a lafiyar al'umma ko a koyar da jinya. Malamar da ta ci gaba da koyarwa cikin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 tana iya shiga ta ɓangarorin biyu. Sai dai a lura: mutum ba ya aika sunan kai tsaye, ƙungiyar Hilal Ahmar ta ƙasa, wato Red Crescent, ce ke gabatarwa, kuma dole malamar ta kasance mamba mai aiki, ko mai taimaka wa ƙungiyar a kai a kai, ko tana aiki a cibiyar da ke da alaƙa da ita. Idan babu wannan igiya, kada a ɓata wata shida ana haɗa takardu. Babu kuɗi a lambar, ƙarfen yabo ne da takardar shaida.

Mai kuɗin ita ce Aster Guardians, dala 250,000, wadda aka fara a Dubai a 2022, Anna Qabale Duba ta Kenya ta lashe ta farko, a 2025 kuma Naomi Oyoe Ohene Oti ta Gana ta ɗauka. Nas mai rajista ce ke cike fom da kanta ta intanet, kuma koyar da jinya na cikin fannonin da ake zaɓa. Masu nema dubbai ne, a shiga da sanin haka. Akwai kuma Kyautar Dakta Shusha ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta yankin Gabashin Bahar Rum wanda Sudan ke ciki, sunayen ta hannun ma'aikatar lafiya ta ƙasa suke bi. Kyautar Christiane Reimann ta Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya sau ɗaya ce a shekara huɗu, Virginia Henderson ce ta fara karɓa a 1985, kuma ta waɗanda aikinsu ya ratsa ƙasashe ce.

Wani abu da ke kayar da mutane tun a bakin ƙofa shi ne rukunin aiki. A Sudan akwai nas da ta ƙaro ungozomanci, akwai dayar ƙauye, wato ungozomar ƙauye, akwai za'ira sihhiyya, wadda ita ce ta daɗe tana koyar da dayoyi tana sa musu ido. Kyautar da aka ce ta nas mai rajista ce ba za ta karɓi wadda ba ta da takardar jinya ba, ko da ta yaye ungozomomi ɗari biyar. Irin wannan malama a duba mata kyaututtukan Ƙungiyar Ungozomomi ta Duniya, wadda ke babban taro duk shekara uku, ko a tsaya kan na gida.

Lajna da ma'auni

A lajna, wato kwamitin shiri, mutum biyar sun isa, bakwai in ƙungiyar babba ce, kada dai adadin ya zama cika, don kada ƙuri'a ta rabu biyu daidai. A sa malamin jinya ɗaya daga wata makaranta dabam, tsofaffin ɗalibai biyu daga duf'a dabam-dabam, wato rukunin da suka shiga makaranta shekara ɗaya, dattijuwa ɗaya daga unguwa, da wanda ya iya rubutu da lissafi. Ɗan uwan malamar, surukinta, da wanda take sa hannu a ƙarin girmansa, kada su zauna a lajna. Su taimaka daga waje.

Idan malamai da yawa ake dubawa, a rubuta ma'auni a sa hannu kafin a ambaci sunan kowa. Da zarar suna ya faɗo, kowa zai fara lanƙwasa ma'aunin ya dace da tasa. Rabon da ke aiki shi ne: maki 30 ga ɗaliban da ta yaye da inda suke aiki yau, 20 ga abin da ta sauya a manhaja ko a hanyar koyarwa, 20 ga malaman da ta raina suka gaje ta, 15 ga aiki a wuri mai wuya ko lokaci mai wuya, 10 ga rubuce-rubuce, 5 ga yawan shekaru. Da gangan aka ba shekaru kaɗan. In ba haka ba, wadda ta fi daɗewa a kan kujera ce za ta ci, ko da kujerar kawai ta ɗumama.

Su ma rubuce-rubuce kada a ɗaga su sama da goma. Ungozomancin zamani a ƙasar nan ba da takarda ya fara ba. Lokacin da Mabel Wolff ta buɗe makarantar dayoyi a Omdurman a 1921, yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba, da shinshina da ɗanɗano suke gane magunguna, kowacce ta gama a ba ta sandukinta ta koma garinsu. Cikin waɗanda suka fito daga nan har da Sit Batul Muhammad Isa, wadda ta zama malama a makarantar. Ma'aunin da zai kayar da irin Sit Batul saboda ba ta buga maƙala ba, shi ne ke da gyara.

A je a gaishe ta

Ba a haɗa wa mutum takardu a bayan idonsa. Mutum biyu ko uku su je gida, da 'yar tsaraba, babba a cikinsu ta yi magana bayan an sha shayi. Ɗalibai za su ce Ustaza, 'yan unguwa su ce Inna ko Hajiya. Maganar ba ta buƙatar ado: "Ustaza, 'ya'yanki ne suka haɗu suna so su yi miki godiya a bainar jama'a, mun zo neman izini." Amsar farko kusan kullum ita ce, "Haba, ni me na yi? Don Allah na yi, ku bar shi." Wannan kunya ce, ba ƙi ba ne. A ce mata, "Inna, ba don ke kaɗai ba ne, don yaran da ke tasowa su san aikin nan yana da daraja." A ba ta mako guda ta yi shawara da maigida da 'ya'ya. Amma idan ta ce ba ta son hotonta a Facebook, ko ba ta son a faɗi garin da ta yi aiki lokacin yaƙi, wannan ƙi ne na gaske, a rubuta a kiyaye. A zama na biyu ta sa hannu a takardar amincewa mai layi biyar: me za a tattara, wa zai gani, me za a buga.

Tattara shaida

Nan aikin yake, kuma nan ake cin rabin lokaci.

A fara da jadawalin rayuwar aiki a shafi ɗaya: shekara, wuri, muƙami, da takardar da ke tabbatar da kowane layi. A zauna da ita sau biyu, awa ɗaya da rabi kowane zama, a naɗi muryar da izininta. Dattijai ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙewa, za ta ce "shekarar ambaliyar Khartum" wato 1988, ko "bayan an raba Kudu" wato bayan 2011. A rubuta yadda ta faɗa, a mayar da shi lamba daga baya. Duk layin da babu takardarsa a ja masa jan layi. Jan layin nan shi ne jerin aikin lajna na wata mai zuwa.

Sai ƙidayar ɗalibai, inda ake yawan tafka kuskure. Wani zai ce shekara 22 ta yi, kowace duf'a mutum 25, ke nan 550. Wannan kintace ne. Akwai shekarun da ba a ɗauki ɗalibai ba, akwai waɗanda suka bar karatu saboda aure, akwai lokacin da ita kanta ta tafi ƙaro ilmi. A ƙidaya waɗanda suka gama, duf'a bayan duf'a, da sunaye in sun samu. A kuma raba gida biyu: waɗanda ita ce babbar malamarsu a aji da ɗakin haihuwa, da waɗanda kwas na kwana biyar kawai ta yi musu. Alƙalan kyauta sun fi yarda da 310 mai jerin sunaye a kan "sama da dubu" wanda babu komai a bayansa. Idan suka kama ƙari a wuri ɗaya, sauran takardun ma sun zama abin zargi.

Kusan kowace duf'a tana da zauren WhatsApp. A nemi mutum ɗaya a kowane zaure ya tura tambaya biyar kacal: sunanki da shekarar gamawa, ina kike aiki yanzu, wane darasi ta koya miki, wane abu ɗaya kike yi yau da hannunki wanda daga gare ta kika koya, kin koyar da wasu? A karɓi amsa da saƙon murya, da Hausa ko Larabci, don dayar ƙauye ba za ta zauna cike fom ba. Tambaya ta huɗu ce zinariyar. "Tana da kirki" ba shaida ba ce. Amma wadda ta ce malama ce ta sa ta maimaita shimfiɗa mabiyiya a faranti tana duba ko wani yanki ya rage, har abin ya zama mata jiki, kuma yanzu ba ta barin ɗakin mai jego sai ta yi haka, wannan ta ba ku abin rubutawa. A tattara irin waɗannan ashirin zuwa talatin, a zaɓi shida mafi ƙarfi. Sauran a mayar da su taswira: ɗalibanta nawa ke aiki a wilaya nawa, nawa ne a ƙauyen da babu likita, nawa suka zama malamai.

Tun daga 15 ga Afrilu 2023 takardu da yawa sun salwanta, a Khartum, a Darfur, a Madani bayan Disamba na wannan shekarar. Rashin rajistar makaranta ba ya kashe magana, sai dai a nemi madadi. Ga wata hanya da ba kowa ke tunawa da ita ba: ɗaliban da suka tafi aiki Saudiyya sai da aka tantance takardunsu ta kamfanin DataFlow kafin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta can ta yi musu rajista, saboda haka kusan kowannensu yana da hoton shahadarsa, wato takardar shaidar gama karatu, da takardar makinsa a waya ko a imel, wani lokaci da sa hannun malamar a ƙasa. Su za a fara tambaya. Bayan su akwai takardar ɗaukar aiki da ta canjin wuri, takardar albashi, fayil ɗin fansho, jadawalin jarrabawa, hotunan bikin yaye ɗalibai, da shahadodin kwasa-kwasan da UNFPA ko UNICEF ko Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya. Inda aka rasa komai, abokan aiki biyu su yi ikirari da rantsuwa gaban lauya mai ikon tausiƙi, wato tabbatar da takardu, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa da shekarun. A rubuta a fili cewa asalin ya ɓata a yaƙi, wannan madadinsa ne. Ɓoye giɓi ya fi giɓin muni.

Ɗaukar hoton takarda: a shimfiɗa ta a kan abu mai duhu, da hasken rana ba na fitilar waya ba, waya a miƙe sama da ita, kusurwa huɗu su fito, hatimi ya karantu. A sa wa kowane fayil suna da shekara da abin da ke ciki. A ajiye kwafi uku: a waya, a filashi, da imel ɗin wani da ke wajen ƙasa. Hoton majiyyaciya, sunanta, ko shafin rajistar haihuwa mai sunayen mata, ba sa shiga sai an rufe sunayen.

Suna, ranar haihuwa, da abin da ba a son tambaya

Bahaushiya a Sudan sau da yawa suna biyu gare ta: wanda unguwa ta sani, sunan rana irin Ladi ko Talatu ko wani laƙabi, da na takarda mai huɗu, nata da na uba da kaka da kakan uba. Idan mai wasiƙar goyon baya ya rubuta na unguwa, fom kuma yana ɗauke da na takarda, alƙali a Janeba zai ɗauka mutum biyu ne. A tsayar da suna ɗaya, yadda yake a takardar lambar ɗan ƙasa da Larabci, yadda yake a fasfo da boko, harafi da harafi, a tura wa duk mai rubutu. Ranar haihuwa ma a bi ta fasfo. Dattijai da yawa da takardar tasnin, wato ta ƙiyasin shekaru, suka samu shekarunsu, shi ya sa za a ga 1 ga Janairu, kada wani ya ce zai gyara.

Sai tantancewa. A tabbatar rajistarta da majalisar ƙwararrun lafiya tana nan, kuma babu wani hukuncin ladabtarwa a fayil ɗinta. Ga malamar ungozoma akwai tambayar da ba a tsallakewa: kaciyar mata, da sake ɗinki bayan haihuwa wanda ake kira adal. Tun 2020 kaciyar mata laifi ce a dokar Sudan, hukuncinta har ɗaurin shekara uku. Mace ɗaya daga lajna ta tambaya a keɓe, ta kuma ji daga tsofaffin ɗalibai. Idan akwai tabo, gara lajna ta sani yau da a ji shi bayan an buga suna. Idan kuwa tana cikin waɗanda suka sa ɗalibai rantsuwar barin kaciya, ko ta yi aiki da gangamin Salima na hana kaciyar mata da aka fara a 2008, wannan shaida ce mai nauyi, a nemo takardarta a sa a gaba.

Kada siyasa ta shiga takardun. A faɗi abin da ta yi da halin da ta yi shi, babu wuta, babu ruwa, ɗalibai a warwatse, ba tare da zagin wani ɓangare ko yabonsa ba. Red Cross ba ta ɗaukar ɓangare, kuma takarda tana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba.

Rubuta bayanin

Shafi biyu sun wadatar, sai in fom ya faɗi adadin kalmomi, to a tsaya ƙasa da shi. Mun saba da salon yabo: uwa ce ga kowa, kyandir ce mai ƙona kanta don ta haskaka wasu. A ajiye wannan sai ranar taro. A takarda kowace jimla ta amsa ɗaya daga cikin huɗu: me ta tarar, me ta yi, me ya sauya, wa ya shaida. Misalin siffar da ake so: "Ta tarar ɗalibai na gama makaranta ba su taɓa gwada farfaɗo da jariri da hannunsu ba. Ta nemo 'yar tsana da jakar numfashi, ta sa doka babu mai shiga jarrabawar ƙarshe sai ta gwada a gabanta ta ci. Duf'a kaza suka bi wannan tsari, makarantu kaza suka ɗauka. Duba shaida ta 7 da ta 12." Kowace da'awa da lambar shaidarta.

A guji cewa ita ta rage mutuwar mata masu juna biyu a wilaya. Ba mutum ɗaya ke yin wannan ba, alƙalai kuma sun sani. A tsaya kan abin da hannunta ya taɓa.

Wasiƙun goyon baya uku: shugaban da ya yi aiki da ita, takwararta daga wata cibiya, da ɗaliba. Shafi ɗaya kowacce, da hatimi da lambar waya mai aiki. A ba kowa ɓangaren da zai yi magana a kai don kada su maimaita juna, amma kada mutum ɗaya ya rubuta ukun a raba musu su sa hannu. Salon mutum ɗaya ba ya ɓuya. A nemi huɗu don ɗaya kan makara. Idan za a mayar da takardun Turanci, wanda ya san jinya ya duba bayan mai fassara, don sunayen muƙamai irin za'ira sihhiyya idan aka juya su kalma da kalma sai su fito kamar mai ziyarar asibiti. A bar sunan yadda yake, a yi bayaninsa a layi ɗaya.

Lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takrim na gida yana son mako 12: biyu na lajna da izini, shida na shaida, biyu na rubutu da kuɗi, biyu na gayyata da kaya. Na duniya wata shida zuwa tara. Mai nufin Lambar Nightingale ya je ofishin Hilal Ahmar na wilayarsa tun ƙarshen shekarar da ta gabata, don takardun sai sun bi ta babban ofishi kafin su fita, ƙofar kuma tana rufewa watanni kafin Mayu. Duk ranar da aka ce ita ce ta ƙarshe, lajna ta rage mata kwana goma ta ɗauki wannan a matsayin tata. Intanet ba shi da alkawari.

Ranar 5 ga Mayu ta ungozomomi ce, 12 ga Mayu ta ma'aikatan jinya, ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820. Suna da kyau ga takrim don jami'ai sun riga sun sa su a lissafi. Amma Mayu tsakiyar zafi ne, ma'auni na haura 40, ga habub, guguwar ƙura. A sa taron bayan la'asar sosai ko bayan magariba. Idan baƙi daga ƙauyukan Gadarif ko Shuɗin Nilu za su zo, kada a kai shi damina, laka za ta riƙe su a hanya.

Kuɗi da ranar taro

Abin takaici a yawancin takrim shi ne siwan, wato rumfar taro, da lasifika da abinci su cinye komai, malama ta koma gida da allon gilashi. A yanke tun farko: rabin abin da aka tara nata ne, a zarafi, wato ambulan kuɗi, ko a abin da take buƙata, magani, gyaran ɗaki, kujerar Umra in kuɗin ya kai. Kashi 30 na wuri da abin sha, 10 na wishahi, mayafin girmamawa da ake ratayawa, da dir'i, allon yabo, da buga takardu, 10 na ko-ta-kwana. Asusu ɗaya na Bankak, manhajar banki ta waya, mutum biyu na sa ido, a riƙa sanar da jimla duk mako. Kada a rubuta gudummawa da hoton ish'ari kawai, wato shaidar tura kuɗi, akwai na jabu, sai an ga kuɗin a asusu. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka abin da za a saya a saye shi da wuri, kada a bar kuɗi yana narkewa.

A dir'i a rubuta cikakken suna, aikinta, shekarun hidima, masu bayarwa, da kwanan wata. Mutum biyu su karanta samfurin kafin a sassaƙa, ɗaya daga iyalinta. Katako da tagulla sun fi gilashi jure tafiya.

Taron kada ya wuce minti 90. Karatun Alƙur'ani minti biyar, maraba daga lajna biyar, tarihin aikinta bakwai, ɗalibai uku minti uku-uku, kowacce da labari ɗaya. Manyan baƙi biyu kawai za su yi jawabi, ɗaya na hukuma ɗaya na gargajiya, sarkin Hausawa ko umda, wato mai gari, a faɗa musu mintinsu tun a katin gayyata. Kowane mai jawabi zai so ya fara daga Rufaida al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina inda aka yi jinyar Sa'ad bin Mu'az. Mutum ɗaya ya faɗa, ya isa, sauran lokacin na mai taron ne. A yi Larabci don jami'ai, a maimaita muhimman wurare da Hausa don tsofaffin da suka zo dominta. Idan akwai tsohon sandukin daya, a ɗora shi kan tebur a buɗe, wata ɗaliba ta ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, almakashi, zaren cibiya, ƙahon sauraren bugun zuciyar ɗan tayi, tana faɗin abin da malama ta ce game da kowanne. Wannan ya fi jawabi uku.

Wishahi mace ce za ta rataya mata, babbar ɗalibarta ta fi dacewa, jami'i namiji ya miƙa dir'i da shahada. Zarafi a ba ta a gida ko a miƙa ba tare da faɗin adadi ba. A bar masu guɗa su yi guɗarsu. Ita ce ta ƙarshe a magana, a zaune in tsayuwa na ba ta wuya, kuma ita kaɗai ce ba a ƙidaya wa minti. A tanadi janareta, motar da za ta ɗauko ta ta mayar, da izinin taro a rubuce daga hukumar yankin.

Bayan an naɗe siwan

Cikin mako biyu lajna ta fitar da lissafin kuɗi dalla-dalla. Fayil ɗin shaida a yi masa kwafi uku, na malama, na makaranta, na ƙungiya, domin da shi za a nemi na hukuma da na duniya daga baya. Idan an nemi wata kyauta ba a samu ba, a duba ko ƙa'ida ta yarda a sake, a ƙara sabuwar shaida a mayar a zagaye na gaba. Idan kuɗi ya ragu, a biya wa ɗaliba ɗaya kuɗin makaranta da sunanta, ko a roƙi makarantar ta sa sunan a ɗakin gwaji, da takardar amincewa daga shugaban makarantar don kada wani ya zo ya cire allon.

Da zarar hotunan taro sun bazu, saƙonni za su fara shigowa: an zaɓi malama jakadiyar zaman lafiya, ko wata akadamiya a ƙasar waje za ta ba ta dakta na girmamawa, a turo dala kaza na rajista da rigar biki. A yi tambaya uku kafin a amsa: su wa suka karɓa a shekarun baya, su wa ke alƙalanci, kuma cibiyar tana da izinin ba da digiri a ƙasarta? Lambar Nightingale da Kyautar Shusha ba a biyan ko sisi a karɓe su. Akwai ƙungiyoyin ƙwararru na gaske, kamar Akadamiyar Jinya ta Amurka, da ke karɓar kuɗin nema da na shekara, amma su sai mambobinsu sun tsaya wa mutum an kuma tantance aikinsa, ba sa aiko wa kowa saƙon taya murna a WhatsApp da lambar asusu a ƙasa.